Gida shida a kasuwa a layi biyu: in saya yanzu ko in jira farashi ya faɗi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekara tara ina zaune da iyalina a gidan haya a Rijiyar Zaki. Na ɗan tara abin da Allah ya hore, ina son in mallaki gida. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a layinmu da na bayanmu kaɗai na ƙirga gida shida da aka sa a kasuwa. Wasu sun fi shekara ba a saya ba, amma duk lokacin da na tambaya sai dillali ya ce kuɗi ya ƙaru. Akwai wanda aka saya miliyan 20 a farkon 2023, yanzu mai shi ya kafe a kan miliyan 35, hayarsa kuma miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Ƙanena da ke Amurka ya ce in dakata, wai haka aka yi a can kafin farashi ya rushe a 2008. Dillali kuma ya ce in ban saya bana ba, baɗi sai dai in hango shi a hannun wani. Wa zan bi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka da dillalinka kowa ya faɗi wani ɓangare na gaskiya, sai dai ƙanenka yana auna Kano da ma'aunin wata ƙasa, dillali kuwa yana auna ta da ma'aunin la'adarsa. Bari mu fara da abin da kai ka fi mu sani. A Kwari, in mai shago ya ce bandir ɗin shadda kaza ne, aka taya ya ce albarka, aka sake tayawa ya ce albarka, har wata shida kayan suna kan kanta, ba wanda zai ce wannan kuɗin da yake ambata shi ne farashin shaddar. Farashi shi ne inda aka sallama, aka ƙirga kuɗi, aka ɗauki kaya. Gida ma haka yake. Miliyan 35 ɗin nan buri ne na mai gida, bai zama farashi ba tukuna. Mu da muke aikin ƙiyasta darajar gidaje, in za mu duba lafiyar kasuwa a wata unguwa, ba ma ƙirga allunan da aka kafa. Cinikin da ya faɗa muke ƙirgawa, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya faɗa, da tazarar da ke tsakanin abin da aka nema da abin da aka karɓa.

Maganar Amurka kuwa, ya kamata a fahimci abin da ya jawo rushewar. A can yawanci da bashin banki mutum yake sayen gida, ya biya a shekara talatin, gidan kuma shi ne jinginar. A shekarun da suka gabaci 2007 bankuna sun riƙa ba da rance ga mutanen da ba su da ƙarfin biya, da ruwa mai sauƙi a farko wanda yake tashi bayan shekara biyu ko uku. Da ruwan ya tashi, dubban mutane suka kasa biya, bankuna suka ƙwace gidaje suka zuba su a kasuwa a lokaci guda. Banki ba ya cewa albarka, so yake ya rabu da gidan ko nawa aka taya. Wannan gida ya karya farashin na maƙwabci, maƙwabcin ya wayi gari bashin da ke kansa ya fi darajar gidansa, shi ma ya saki. A watan Satumba na 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, kuma daga 2006 zuwa 2012 farashin gidaje a faɗin ƙasar ya zube da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a birane irin su Las Vegas da Phoenix ma ya kai rabi. Abin da ya tura farashi ƙasa shi ne sayarwar dole.

To, a Rijiyar Zaki wa zai tilasta wa mai gida ya sayar? Cikin gidaje shidan da ka ƙirga, da wuya ka sami ɗaya da banki ke riƙe da takardunsa. Mu a nan da tsabar kuɗi ake gini, bulo ɗari yau, linta baɗi, kwano in an sayar da amfanin gona ko an yi rabon gado. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma bankin kasuwanci ba zai ba ka a ƙasa da abin da shi ma yake samo kuɗin ba. Ka ɗauka an ba mutum miliyan 20 a kan kashi 25, ruwan shekarar farko kaɗai miliyan biyar ne, sama da naira dubu 400 a wata, bai taɓa uwar kuɗin ba. Wannan kafin ma a zo maganar haramcin kuɗin ruwa a addini, wadda ta isa ta hana yawancin mutanenmu kusantar ƙofar. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashinsa dominsa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance a kashi shida har tsawon shekara talatin. A wannan lissafin miliyan 20 tana komawa kusan dubu 120 a wata, abin da mai albashi mai kauri zai iya. Amma waɗanda suka ci moriyarsa kaɗan ne in aka kwatanta da masu zubawa, kuma ɗan kasuwa irinka da ba shi da takardar albashi sai ya sha zirga-zirga. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da tsarin murabaha (banki ya sayi gidan ya sayar maka da ƙari, ka biya a hankali) da ijara (banki ya saya ya ba ka haya), sai dai su ma tsadar kuɗi a ƙasar tana shiga lissafin ribarsu.

Saboda haka mai gida a nan yana iya zama ya jira. Jiran ma ba ya cin masa komai sosai. Ba shi da biyan wata-wata, harajin ƙasa ɗan kaɗan ne, kuma da yawa ba sa ma biya. A Abuja sai da ta kai a watan Maris na 2025 hukumar birnin ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun haura shekara goma ba su biya kuɗin ƙasa ba, a unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Wuse. Ko a ɓangaren zakka, a mazhabar Malikiyya ɗan kasuwar da ya ajiye kadara yana jiran ta yi daraja, wanda malamai ke kira muhtakir, sai ranar da ya sayar yake fitar da zakkar shekara ɗaya. Ban kawo wannan don in yi fatawa ba, wannan fagen malamai ne. Na kawo shi ne don ka ga ta kowace fuska ajiye gida a rufe abu ne mai sauƙin ɗauka a wurinmu.

Wannan ba ya nufin kasuwarmu ba ta ciwo. Tana yi, sai dai ciwon nata ba ya fitowa a lambar da aka rubuta a allo. Alamarsa biyu ce: ciniki ya tsaya cik, sannan hauhawar farashi ta riƙa cin darajar gidan ta ƙarƙashi kamar gara, mai shi yana murna lamba ta ƙaru.

Mu ɗauki gidan da ka ambata. A farkon 2023 dala a kasuwar Wapa tana wajen naira 750. Miliyan 20 a lokacin ta kai dala dubu 26 da ɗari bakwai. A watan Yuni na wannan shekarar gwamnati ta saki naira ta nemi matsayinta, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. In muka yi lissafi da 1,500, miliyan 35 dala dubu 23 ce da ɗari uku. Ka ga ko an ba mai gidan abin da ya nema cif, bai mayar da dalarsa ba. In ka ce dala ba ruwanka da ita, mu auna da siminti, tunda da shi ake gida. Buhu a farkon 2023 yana wajen naira 4,500, wato miliyan 20 ta sayi buhu kusan 4,400. In buhu ya zama dubu goma, miliyan 35 buhu 3,500 za ta saya. Hauhawar farashi a hukumance ta kai kashi 34.8 a watan Disamba na 2024. Gidan da lambarsa ta ƙaru da kashi 75 a irin wannan yanayi, a zahiri tsayawa ya yi ko ma ya ɗan ja baya. Faɗuwar da ƙanenka yake jira ta riga ta auku, ba ta yi ƙara ba ne kawai. Kai da ke sayar da kayan da ake shigowa da su daga China da Dubai ka san wannan lissafin, kullum kana yin sa a shago in za ka sake oda.

Nan ne kuma gaskiyar dillali take. In ka riƙe nairarka a asusu kana jiran miliyan 35 ta koma 25 a allo, mai yiwuwa ka daɗe kana jira, kuɗin kuma yana narkewa. Mai gida yana da hujjar da yake dogara da ita: in ya sayar, nawa zai kashe ya gina irinsa? A farkon 2024 siminti ya haura dubu goma a wurare da yawa, har ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka yi maganar mayar da shi tsakanin dubu bakwai da dubu takwas. Je ka Ƙofar Ruwa ka tambayi rodi da kwano da tayil da wayar wuta, ka haɗa da kuɗin tifar yashi tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, za ka gane abin da ya sa mai gida yake ganin ko a miliyan 35 ɗin ma an cuce shi. Kuɗin sake gini shi ne yake tokare farashi daga ƙasa.

Amma tsadar gini ba ta sa wa mai saye kuɗi a aljihu. Mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Mai wannan albashin, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi kusan shekara 42 kafin ya haɗa miliyan 35. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da ƙaramin ɗan kasuwa, waɗanda da su ne masu sayen irin gidajen layinku, an bar su a baya. Mai sayarwa yana kallon Ƙofar Ruwa, mai saye yana kallon aljihunsa, tsakaninsu akwai rami. Gidaje shidan nan a cikin ramin suke zaune.

Ma'aunin da na fi yarda da shi a irin wannan hali shi ne haya, domin ɗan haya ba ya biya da buri, da abin da yake samu yake biya. Gidan miliyan 35 da ke kawo miliyan 1.2 a shekara yana ba da kashi 3.4 cikin ɗari ke nan, kafin a cire gyaran rufi, kwashe sokawe, fenti, watannin da zai zauna ba kowa, da ɗan hayar da zai ce a yi masa haƙuri. Sai ya shekara 29 yana karɓar haya kafin ya mayar da kuɗinsa. Kwatanta da sukuk ɗin gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara fitarwa a 2017 da ladan haya na kashi 16.47 a shekara. Kwatanta kuma da abin da miliyan 35 za ta juya maka a shago daga azumi zuwa babbar sallah. A matsayin jari, wannan gidan a wannan kuɗin bai yi ba, in dai ba ƙasar da yake kai ce ake hange ba. Haya takan biyo farashi a baya, a hankali, kuma na tabbata kai ma mai gidanku ya ƙara maka a 'yan shekarun nan. Idan ka ga haya tana tashi kuma gida ba ya kwana ba a kama ba, unguwar tana da masu buƙata, matsalar kuɗin saye ce kawai. Idan kuwa har gidajen haya ma suna zama a rufe, wannan wani ciwo ne daban, kuma shi ya fi ban tsoro.

Shi ya sa nake so ka koma ka bi gidajen shidan ɗaya bayan ɗaya ka gano dalilin da ya fito da kowanne. Ruwa ba ya tsami banza. Wani gidan gado ne, magada goma sha biyu, kowa yana son kasonsa, kuma ba wanda zai iya sayen na sauran. Wani na ɗan kasuwa ne da jarinsa ya karye lokacin da dala ta tashi, yana neman abin da zai cike gurbi. Wani na masu gina-ka-sayar ne, waɗanda suka cika gefen gari, Ɗanbare da Mariri da hanyar Panshekara, da gidaje masu kyan fenti. Wani kuma mai shi ya gina babba a wani wuri, wannan ɗin ya sa shi a kasuwa ne kawai ko Allah zai kawo mai tsautsayi. Na farko da na biyu za su sauko in sun ga kuɗi a ƙasa. Na uku yana da iyakar da ba zai wuce ba, amma jarinsa a ɗaure yake, shi ma agogo yana cin sa. Na huɗu kada ka ɓata takalminka. Duk waɗannan dalilan na masu gida ne, ba su shafi lafiyar unguwa ba. Abin da zai sa ka ja da baya shi ne ka tarar dalilin ɗaya ne a duka shidan: ruwa yana shiga layin da damina, ko rijiyoyi sun ƙafe, ko an ce titi zai bi ta kai, ko 'yan daba sun addabi wurin.

Domin babu wani abu wai shi kasuwar gidaje ta Najeriya, ko ma ta Kano. Kowace unguwa da tata. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na 2002, mutane sun yi ta sayar da gidaje da musayarsu, Musulmi suna komawa arewacin kogi, Kiristoci suna komawa kudu. Gida iri ɗaya, a shekara ɗaya, a gari ɗaya, wani ya faɗi warwas wani ya ninka, ba don siminti ko dala ba. Jos ma ta ga irin wannan bayan 2001. A Maiduguri shigowar 'yan gudun hijira da ƙungiyoyin agaji ta ɗaga haya a wasu unguwanni, sannan da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, tambayar farko da mai neman gida yake yi ta koma: ruwa ya zo nan? Kano kuwa ta daɗe tana karɓar masu ƙaura daga Borno da Yobe, daga baya Zamfara da Katsina, kuma wannan yana cikin abin da ya riƙe buƙata a gefen gari. Nassarawa GRA da Bompai kasuwarsu daban, a can ƙasa ake saye, sau da yawa a rushe ginin a yi sabo. Cikin ganuwa kuma kusan duk cinikin na gado ne da na maƙwabtaka.

Za ka ji ana cewa ai Najeriya tana da giɓin gidaje miliyan 17, wasu su ce 20, wasu 28, don haka gida ba ya taɓa rasa mai saye. Babatunde Fashola, lokacin yana ministan ayyuka da gidaje, ya fito fili ya ce lambar miliyan 17 ɗin ba ta da tushe. Ƙidayar jama'a da gidaje ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan tun 2006 ce. Ko ma lambar gaskiya ce, buƙata daban, ikon saye daban. Dubi rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015. Shekaru da dama wasu gidajen cikinsu suna rufe, a garin da magidanci yake cusa 'ya'ya bakwai a ciki da falo. A Abuja, a watan Disamba na 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a Lokogoma bayan ƙarar da EFCC ta shigar, gidajen da ba a kammala ba, ba kowa a ciki. Akwai gidan da aka gina don a kwana a ciki, akwai wanda aka gina don kuɗi ya kwana a ciki. Na biyun shi ne yake ɓata lissafi, domin mai shi ba ya neman ɗan haya kuma ba ya gaggawar mai saye, amma kuɗin da ya ambata shi dillalai suke ɗauka su yi wa sauran unguwa ma'auni.

A Amurka ɗin da ƙanenka yake, akwai wani lissafi mai sauƙi da suke yi wanda ya cancanci aro. Suna raba yawan gidajen da ke kasuwa da yawan waɗanda ake sayarwa a wata, su ga wata nawa za a ɗauka kafin su ƙare. In ya kai wajen wata shida, sai su ce kasuwa ta daidaita. Ƙasa da haka mai sayarwa ne da iko, sama da haka mai saye. Su suna da rajistar da kowane ciniki yake shiga. Mu namu rajistar tana bakin mai unguwa da limami da lauyan da ke rubuta yarjejeniya da mai shagon bakin layi. Tambaye su gida nawa aka sayar a layukan nan biyu cikin wata shida da suka wuce, sayarwa ta gaske, wadda sabon mai gida ya tare ko ya zuba 'yan haya. In ɗaya ne, to a wannan tafiyar gidaje shida sai sun yi wata 36. Ikon yana hannunka ke nan, ko dillali ya faɗa ko bai faɗa ba. Ka kuma bincika a nawa aka sallama wancan ɗayan. Wannan lambar ta fi duk abin da ke allo amfani.

Wani abu game da dillalai, ba don in ɓata sana'ar ba, da su muke aiki kullum kuma akwai masu amana. La'ada kaso ce daga kuɗin ciniki, galibi biyar cikin ɗari, don haka ba mai tsammanin dillali ya ce maka jira. Abin da ya fi la'ada ciwo shi ne sarƙa. Na taɓa bin wani gida da aka kawo mini ta hannun mutum huɗu, kowa ya ɗora nasa, da muka isa ga mai gidan sai muka tarar abin da yake nema ya gaza abin da aka faɗa mana da miliyan uku, shi kansa bai san an ɗora ba. Kada ka yi tayi sai ka zauna da mai gida ko wakilinsa na gaskiya ido da ido. Dillalin zai sami la'adarsa, ba wanda ya hana.

Sai takarda, wadda ita ce rabin darajar gida ko da ba a ganin ta daga titi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saye haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sauya hannun gidan da ke da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, yana buƙatar amincewar gwamna. Yawancin gidajen gefen Kano awon igiya ne, takardarsu ta mai unguwa ce ko dagaci da shaidu. Ana saye ana sayarwa da ita kullum, amma banki ba ya karɓar ta, kuma ranar da titi ya zo ko rigima ta tashi ba ta da nauyin ɗayar. Gida biyu masu kama ɗaya, mai awon gwamnati da mai awon igiya, bai kamata kuɗinsu ya zo ɗaya ba. Takardar gwamnatin ma a duba yadda aka same ta. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, ya shafi mutanen da da yawansu suna riƙe da takardun da gwamnatin baya ta ba su. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasar abin, darasin mai saye shi ne filin da asalinsa na makaranta ne ko maƙabarta ko masallaci ko jikin ganuwa, a nisance shi. Ka ɗauki lauya ya yi bincike a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta Kano, ya ga sunan wa ke fayil ɗin, ko an jinginar, ya kuma leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ya ga ko ginin yana kan hanya ko magudanar ruwa. In gidan gado ne, a ga takardar rabon daga kotu, kowane magaji ya sa hannu, mata da waɗanda ke nesa duka. In ba a raba ba wani magaji ya sayar maka da kasonsa, sauran suna da haƙƙin shufa'a, su mayar maka da kuɗinka su karɓi abinsu. Rubutun nan da kake gani a bangaye, "wannan gida ba na sayarwa ba ne", wasu ne suka sha wuya kafin a fara yin sa.

To wa za ka bi? Ra'ayina, tunda zama za ka yi da iyali, kada ka jira rushewa irin ta 2008, babu bashin da zai haifar da ita a nan. Kada kuma ka bari baɗin dillali ya kore ka, wanda gidansa ya shekara a kasuwa kuma yake da dalilin sayarwa na gaske ya fi ka gaggawa. Sharaɗina ɗaya ne mai ƙarfi: kada kuɗin gidan ya fito daga jarin da shagonka yake numfashi da shi. Na ga 'yan kasuwa da dama da suka kwashe jari suka sayi gida, bayan shekara biyu gidan ya dawo kasuwa, kuma ba mamaki ɗaya daga cikin shidan layinku irinsa ne. Gida ba ya komawa kuɗi ranar da kake so. Ka ware kuma abin da zai tafi a la'ada, lauya, sauya suna da gyara, domin ba gidan da ake shiga ba a taɓa ba.

In lissafin ya ba ka, zaɓi biyu ko uku daga cikin waɗanda masu su ke da dalilin sayarwa na gaske. Ka zo da magini ko injiniyan da kai za ka biya, ya duba tsagewar bango, ya hau silin ya ga katako, ya tambayi zurfin rijiya. Gidan gina-ka-sayar musamman, fenti yana rufe bulon da aka buga buhu ɗaya ya fitar da abin da ya wuce ƙima. In da hali ka je layin a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama da awa ɗaya, ka sake zuwa da daddare. Sannan ka fara tayi daga kuɗin da aka sallama gida na ƙarshe a layin, ka nuna kuɗinka a shirye yake, ka ba da wa'adin sati biyu. A kan gidan miliyan 35 ɗin, da hayar da ka faɗa da kuma shekarar da maƙwabtansa suka yi a kasuwa, ni ba zan ji kunyar buɗe baki da miliyan 26 ko 27 ba. In ya ce albarka, ka bar masa lambar wayarka ka wuce gida na gaba.